Ɗigon Mai a Hantar Malam Sada

Duk shekara sai an turo mini ɗalibai su koyi aiki a ɗakin gwajina da ke Dutsin-Ma, kuma kusan magana ɗaya suke yi in sun gan ni ina juya hannun injin yanka. "Baba Iro, ai wannan ko ni na iya." Ba na musu da kowa. Sai in tashi in ba mutum kujera. Ya zauna da ƙwambo, ya juya hannun, abin ya fito a cukurkuɗe. Ya sake juyawa, ya tsage gida biyu. Daga nan sai ya waiwayo yana tambayata ko injin ne ya tsufa. Injin ya tsufa, wannan gaskiya ne, amma da shi na ci abinci har na aurar da 'ya'ya.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Likita zai ciro ɗan guntun tsoka daga jikin mara lafiya, wani lokaci bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mu za mu jiƙa shi a fomalin don kada ya ruɓe, mu tsotse masa ruwa, mu nutsar da shi cikin narkakken kaki irin na kyandir har ya daskare ya zama ɗan dunƙule. Wannan dunƙulen muke ɗaurawa a inji mu yanka shi shara-shara, yankan da ɓawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Mu shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, mu tsamo shi da gilashi, mu rina shi da launi, sannan a ɗora a madubin likita a duba. Likita ne ke faɗin sunan cuta, amma abin da muka miƙa masa kaɗai yake iya gani.

Wurin marigayi Malam Dauda na koya, mutumin Kurfi, a wani babban asibiti a birni. Lokacin ba a fara kawo wuƙaƙen nan da ake amfani da su a yar ba. Wuƙa ɗaya ce ta ƙarfe mai nauyi, kuma wasa ta shi ne aikina na farko. Na daɗe ina goga ta a dutse da fata kafin ya bari in taɓa inji. In na kai masa, sai ya ɗaga ta ga hasken taga, ya yi tsaki, ya miƙo mini, ba tare da ya ce ga abin da ya gani ba. Da ya yarda in fara yanka ma, ba jikin mutum ya ba ni ba. Mahauta yake aikena in sayo hantar akuya. Na yanka hantar akuya har mahautan suka sa mini suna Mai Hanta, suna tambayata ko ni kaɗai nake cinyewa.

Mutum ne mai faɗa, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kuma yana da al'ada biyu da babu littafin da ya koyar da su. Kafin ya ɗaura dunƙule a inji sai ya karanta sunan mai shi a hankali, ya yi bisimilla. Sannan ɓurɓushin da ke zuba a ƙarƙashin wuƙa ba ya yarda a share shi da shara. Farar takarda yake shimfiɗawa, ya tattara, ya kai a binne. Wata rana na ce masa ai kaki ne kawai. Ya dube ni ya ce, "Iro, kakin mu muka zuba shi. Abin da ke ciki kau ɗan Adam ne, kuma yana can bisa gado yana jiranka." Ban ƙara tambaya ba, kuma har yau haka nake yi.

Da na yi ritaya na dawo gida na buɗe ɗan ɗakin gwaji kusa da kasuwa. Yawancin aikin nan jini ne: zazzaɓin sauro, taifot, samari da 'yan mata masu shirin aure. Injin yanka kuwa na sayo tsoho na ajiye a ɗakin baya, don likitocin da ke turo mini tsoka jefi-jefi, kuma don hannuna kada ya manta. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan aiki shi ne hanta. Manomi zai zo daga Shema ko daga ƙauyukan Kurfi, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. In ka duba jininsa sai ka tarar ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jikinsa bai sani ba. Ga kuma gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a rumbu, ana ci don ba a son asara. Su biyun in sun haɗu a kan hanta ɗaya, sau da yawa cutar kansa, wato ciwon daji, ce ke biyo baya. Wannan na sani tun ina saurayi. Yadda kansar ke samun ƙarfin girma ba tsayawa kuwa, sai da furfura ta cika mini kai aka nuna mini.

Wadda ta nuna mini ita ce Dakta Rabi, malamar jami'a. Ba likitar asibiti ba ce, daktar bincike ce, 'yar gidan wasu 'yan kasuwar hatsi a nan garin. Ta sauka daga keke napep da 'yar kular ƙanƙara a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an gaya mata ni kaɗai ne mai yankan tsoka a wannan yanki. Na ce an gaya mata gaskiya, don babu wani.

"Baba, ka san cibiyar nan ta ƙwayar halitta, wadda kake rinawa shuɗi?"

"Na san ta tun ba a haihe ki ba."

Ta yi dariya. Ta ce a cikin cibiyar ne umarnin gado yake ajiye, kuma kowane umarni sai an kunna shi an karanta kafin ya yi aiki. Masu kunnawa da masu karantawa duk wasu sinadarai ne da ake kira furotin. A da ana zaton a warwatse suke yawo, wanda ya ci karo da aiki ya yi. Sai masu bincike suka gano cewa wasu daga cikinsu sukan ware daga ruwan da suke ciki, su taru su zama ɗigo, ɗigon da ba shi da bango ko fata, amma yana riƙe da kansa. In ɗigon ya zauna a kan wani umarni, sai ya jawo ma'aikatan karatu gaba ɗaya wuri guda, umarnin ya kunnu da ƙarfi. A lafiyayyen jiki ɗigon yakan taru ya watse. A wasu nau'o'in kansar hanta kuwa furotin ɗin yakan yi yawa, ɗigon ya ƙi watsewa daga kan umarnin girma.

Na ce, "Dakta, ni mutumin ido ne. Nuna mani."

Ta buɗe kular ta ɗauko 'yar kwalba mai ruwa garai-garai. Ta ɗiga masa wani ruwa, nan take ya gurɓace kamar an sa masa nono. Mu a zamaninmu, ruwan gwaji in ya yi haka an gama, zubarwa ake yi, don haka aka koya wa kowa. Ita kuwa ta ɗiga shi a gilashi ta ce in duba. Na sa ido a madubina, wanda na yi shekaru ina kallon duniya ta cikinsa, sai ga ƙananan ɗigo kewayayyu suna ta shawagi. Biyu suka matso, suka taɓa juna, suka zama ɗaya. Na ɗago na dube ta, na koma na sake dubawa. Wallahi daɗi na ji kamar yaro, kuma na ji girman yarinyar nan ya cika mini ido.

Abin da take so shi ne ta duba ko za a ga alamar irin wannan taruwa a hantar mutanenmu, ba ta mutanen wata ƙasa ba. Don haka tana bukatar tsoka, da yardar mai ita, da kuma mai yanka. Nan Malam Sada ya faɗo mini a rai.

Malam Sada manomin gyaɗa ne a Tamawa, sa'ana ne, kuma ni na fara ganin ƙwayar ciwon hanta a jininsa. Daga baya ƙari ya fito masa. A asibitin birni suka sa allura suka ciro ɗan sili daga hantar, siriri kamar zaren ɗinki, suka tabbatar kansa ce kuma ta wuce aikin tiyata, ya dawo gida. Ragowar silin tana can cikin kaki a ajiye, kuma ba za a ba mu ba sai da izininsa. Muka shiga mota zuwa Kurfi, muka hau mashin zuwa Tamawa. Muka same shi kishingiɗe a inuwar darbejiya a tsakar gida, matarsa Indo tana gefe tana matsar man gyaɗa a turmi.

"Iro, likita ka kawo mani ko mai tambaya?"

Dakta Rabi ta riga ni amsawa. "Mai tambaya ce, Baba. Magani ba ni da shi, kuma ba zan ce maka ina da shi ba."

Ya ɗan ɗago ya dube ta. "Tau zauna, ɗiyata. Ke ce ta farko da ta hwaɗi haka."

Na yi zaton za ta fara jero masa turanci. Sai ta nuna turmin Indo. Ta ce ya duba niƙaƙƙiyar gyaɗar can: man yana ciki tun farko, amma a warwatse, ba a ganinsa. Sai an zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa yake warewa, ya fito ɗigo-ɗigo, ɗigon su haɗu da juna.

Indo ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Ruwan ɗumi dai. In ya yi sanyi ba ya hitowa, in kika yi mashi yawa kin ɓata."

"Haka namu ma yake, Inna, ba ya son ganganci," in ji Dakta. Ta juya ga Malam Sada ta ce irin wannan ɗigon take zaton yana cikin ƙwayoyin hantarsa, ya zauna a kan umarni guda yana sa ana karanta shi, umarnin da ke cewa ƙwaya ta girma ta rabu biyu.

Ya shafa cikinsa. "Kenan ana ta karantawa, ba mai cewa a tashi."

"Haka ne, Baba."

"Na yarda ku ɗauka. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, in gan shi da idona. Abin da ke cina dare da rana, ina so mu haɗa ido kahin in tahi. Na biyu, abin da ya saura a maido mani. Da abuna nike so in koma ga Ubangijina."

Dakta ta dube ni, don ta san na biyun a hannuna yake, na farkon ma rabinsa. Na ce masa na ɗauka.

Wannan ita ce shekarar da ba na mantawa a sana'ata. Dunƙulen ya iso hannuna ana tsakiyar bazara, kuma a makon ne taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka shiga jiran gyara ba ranar zuwa. Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi gare shi, ku saurara. Kaki ba ya yankuwa sai ya yi sanyi. In ya ji zafi laushi yake yi, wuƙa ta dinga tura shi maimakon ta yanka, tsokar ta dagule. Don haka a kan ƙanƙara muke kwantar da dunƙule kafin yanka. To masu ƙanƙarar ma wuta suke jira. 'Yar wadda muke samowa da ƙyar, a nannaɗe cikin buhu, tilas ta tafi kular Dakta, don launin da za ta rina tsokar da shi 'yar kwalba ɗaya ce tak da aka kawo daga nesa, kuma in ta ji zafi ta mutu. Da na ɗaga dunƙulen ga haske kuwa, abin da ya rage a ciki bai kai tsawon farcen ƙaramin yatsa ba. Juyi kaɗan na banza sun isa su cinye shi.

Shawarar da kowane mai hankali zai bayar ita ce a jira wuta ko a jira ruwan sama. Ni ma ita na bayar. Sai Indo ta aiko cewa ya daina cin tuwo, kunu ma sai da lallashi. Dakta ta ce, "Baba Iro, hannunka ne. Abin da ka ce shi za a yi." Na ce ta ba ni kwana biyu.

Na koma mahauta, abin da rabona da yi tun ina ɗan koyo, na sayo hantar akuya na haɗa dunƙulen gwaji. Na sa shi da na Malam Sada kowanne a cikin gwangwani mai murfi, na binne su a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Sanyin randa bai kai na ƙanƙara ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma in ka haɗa shi da sanyin safiya, akwai ɗan lokaci bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa kwanon ɗaki, da kaki ke yarda da wuƙa. Na fara da na akuya. Yankan farko ya tattare. Na mayar da shi yashi, na gyara kwanciyar wuƙa, na rage saurin hannuna. Na sake gwadawa, ya fito sumul.

Sannan na ɗauko ɗayan. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin wuƙa, na karanta sunansa, na yi bisimilla. Dakta tana tsaye a bayana. Ban ɓoye muku ba, tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da Malam Dauda ya fara tsayawa a kaina. Na juya hannun a hankali. Yanka ya fito ya kwanta a bakin wuƙa, na biyu ya manne da shi, na uku ya biyo, suka zama ɗan zare mai sheƙi. Na ɗauke numfashi, don numfashi kaɗai ya isa ya hure shi. Na ɗaga shi da ɗan burushi na kwantar a ruwan da na ɗumama a risho na auna da bayan hannuna. Ya miƙe, ga silin hantar a tsakiya, bai yage ba. Na tsamo yankan a kan 'yan gilasai, na koma na juya, sai kaki zalla ke fitowa. Tsokar ta ƙare ke nan.

Daga nan aikin ya koma hannunta, kuma na tsaya ina kallo kamar yadda ta kalle ni. Ta ɗiga launin nan da ba a ganinsa da ido, ta wanke, ta sake ɗigawa. Muka tafi birni da gilasan, inda akwai madubi na musamman da ke sa launin ya yi haske a ɗaki mai duhu. Ta duba ta daɗe, sannan ta matsa ta ce in zo. Cibiyoyin nan da na yi rayuwata ina ganinsu shuɗin dunƙule kawai, sai ga su cike da ɗigo-ɗigo kore masu haske. A gefen silin, inda ɗan lafiyayyen sashen hanta ya rage, koren a baje yake, dishi-dishi. Na ce mata shi ke nan, ta gama. Ta girgiza kai ta ce hoton mutum ɗaya ba ya zama hujja, kuma tsokar da ta daskare ba ta nuna ɗigo yana motsi, alama ce kawai da ta dace da abin da muka gani a kwalba. Na ga masu digiri da yawa, amma waɗanda za su ga abin da suke nema su ƙi ƙara masa gishiri, ba su da yawa.

Washegari muka koma Tamawa. An mayar da shi ɗaki, ya rame ƙwarai, amma hankalinsa garau. Na tallafe shi, Dakta ta buɗe kwamfutarta a gabansa. Ya ƙura wa hoton ido.

"Su ne waɗanga?"

"Su ne, Baba."

"Ashe ƙanana ne. Ni da nike jin kamar dutse na haɗiye." Ya kai yatsa ya taɓa gilashin kwamfutar. Sai ya yi murmushi ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Indo, zo ki ga manki."

Ta zo ta duba, ta sa bakin zane ta share ido, ta ce, "Wanga ba nawa ba ne. Nawa ana kwashe shi."

"Shi ma za a koyi kwashe shi," in ji shi. "Ko ba haka ba, ɗiyata?"

Dakta ta ce, "Ana nema, Baba. Ban san yaushe ba."

Ya sa aka kira 'ya'yansa, manya da iyalansu, ya ce kowa ya je wurin Iro a duba jininsa, wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi, kuma daga yau gyaɗar da ta yi fumfuna kada ta ƙara shiga tukunyar gidansa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ina abuna?" Na ciro ɗan ƙullin farin ƙyalle daga aljihu na sa masa a hannu: ɓurɓushin da ya zuba a takarda, da sauran kakin. Na gaya masa gaskiya cewa akwai wanda ke manne a gilasai, in yana so shi ma sai a kankare a kawo. Ya juya ƙullin a tafinsa, ya yi tunani.

"A'a. Wancan na ba da shi sadaka. Ku koya ma yara da shi."

Bayan ruwan farko ya rasu. Na je jana'iza, kuma da hannuna na sa ƙullin a kabarinsa. 'Ya'yan sun zo gwaji kamar yadda ya ce. Dakta Rabi tana nan tana aikinta, an ƙara samun waɗanda suka ba da tasu tsokar, kuma har yau ba ta ce wa kowa ta samo magani ba.

Koren nan ya dushe tuni, haka launin yake, sai hotonsa. Amma gilashi ɗaya na rina da launinmu na da, shuɗi da ja, wanda ba ya gushewa, kuma shi nake fara ɗora wa duk ɗalibin da aka turo mini, kafin in aike shi mahauta. Bana wani ya ja kujera, ya kama madubi, ya ce, "Baba, samfur na nawa ne wannan?"

Na riƙe masa hannu. Na ce, "Malam Sada sunansa, mutumin Tamawa. Yi masa addu'a tukuna, sannan ka duba."